Takardun da Suka Ɓace Daga Bangon Fammar

Kada ka ce ba ka taɓa gani ba. Ka gani a tashar Rano, ka gani a jikin kukar da ke bakin hanyar Kibiya: takardar sanarwa mai sheƙi, an cika ta da Turanci, an manna ta a garin da masu jin Turancin ba za su cika motar haya ɗaya ba. Ka karanta abinka, tunda kai an kai ka makaranta. Ka ga dattijo tsaye kusa da kai yana kallon hoton kawai, ka kau da kai ka shiga mota. A ranka ka ce ai mutanenmu ne, ba sa son karatu. Maganar ta yi maka daɗi domin ba ta ɗora maka aikin komai ba.

Afra'u Mukhtar ma ta taɓa faɗar wannan magana, kuma nata laifin ya fi naka, domin ita ce mai tsara takardun.

Shekararta biyu tana aiki da wata ƙungiyar sa-kai mai suna Inuwar Karatu, wadda ke buɗe wa manya azuzuwa a ƙauyukan Rano da Kibiya idan an gama aikin kaka. Ana koyar da karatun boko da lissafi, yadda manomi zai karanta rubutun jikin kwalbar maganin feshi kafin ya zuba wa wakensa, ya kuma buɗe saƙon waya ba tare da wani ya san sirrinsa ba. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan tasha, kuma duk abin da ido ke gani na ƙungiyar daga teburin Afra'u yake fitowa: fasta, wato takardar sanarwa ta bango, bangon littafin darasi, katin ɗalibai, da shafin intanet ɗin da manyan ƙungiyar na Kano suke buɗewa kowace safiya. A Kano ta koyo aikin. Ta san inda ake barin fili a takarda don ido ya huta, ta san launin da rana ke cinyewa cikin mako biyu da wanda ke jurewa har damina. Mahaifinta dai har yau idan aka tambaye shi sana'arta sai ya ce, "Zane take yi a kwamfuta," da muryar mai ba da labarin ciwon da ake fatan zai wuce.

A shafin akwai taswirar ƙananan hukumomin biyu da ta zana da kanta. Garin da ke da aji ana sa masa koren ɗigo. Garin da aka gwada aka gaji ana sa masa ruwan toka, in ka taɓa shi rubutu ya fito: al'umma ba ta karɓa ba.

Sau biyu ana manna fasta a garin Fammar. Karon farko mutum huɗu suka yi rajista, karo na biyu shida. Sai hukunci ya zo daga Kano: wannan ne na ƙarshe. In sunaye talatin ba su shiga fom ɗin shafin ba kafin ƙarfe goma sha biyun Juma'ar ƙarshen wata, za a kai benci da malamin wani gari, Fammar ta koma ruwan toka. Kuma da yatsan Afra'u za a danna.

Malam Dalhatu, shugaban ofishin Rano, tsohon hedimasta ne mai sanyin hali, wanda ya ga shirye-shirye da yawa sun zo sun wuce har ya daina ɗaga kai idan sabo ya shigo. Ya karanta wasiƙar yana ɓare gyaɗa.

"Injiniya," haka yake kiranta in yana son tsokana, "ki canza musu launi ki sake bugawa, mu sauke nauyi. Shekara ashirin na yi ina bin iyaye gida-gida. Na san mutanen nan kamar yunwar cikina."

"Gwaggona a Fammar take, Yallaɓai. Tana da ɗan littafi na lambobin waya, kowace lamba da sunan mai ita. Da hannunta ta rubuta."

"Da boko?"

"Da ajami."

"Af. Ai wannan kowa ya iya."

"To shi ne nake cewa. Kowa ya iya. Mu kuma shekara biyu muna gayyatarsu da rubutun da muka ce sai sun zo za mu koya musu."

Malam Dalhatu ya tsaya da ɓawon gyaɗa a hannu. Sai ya ce ta yi abin da ta ga dama, amma ranar Juma'a ba ta matsawa don kowa.

Ta buga gwajin farko da haruffan Larabcin da ke cikin kwamfuta, ta kai wa Gwaggo Jumai, yayar mahaifinta, wadda aure ya kai Fammar tun kafin a haifi Afra'u. Ta same ta tana fifitar gyaɗa a tsakar gida. Gwaggo ta goge hannu a zani, ta nisanta takardar da fuskarta, ta matso da ita, ta sake nisantawa.

"Wannan rubutun 'yan Makka ne. Siriri kamar ƙafar sauro. Kuma harafin fa ɗinku ɗigonsa a sama yake, ni sai in ɗauka ƙaf ne. Ke 'yar boko, kin manta allonki?"

"Na kwana biyu, Gwaggo."

"Kin shekara goma dai. Ki je wurin Malam Ramalan. Rabin garin nan a hannunsa muka ga harafi."

Malam Ramalan mai makarantar allo ne, manomi, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Ana faɗa a garin cewa sau uku ya rubuta Alƙur'ani da ka. Afra'u ta yi sallama a zaurensa, ta durƙusa daga gefe, ta faɗi sunan gwaggonta, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara har ta gama.

"Karatun nan naku zai hana mutum nasa?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Bayan la'asar ne, kwana uku a mako."

Ya jawo kurtun tawada, ya feƙe alƙalami, ya ce ta faɗi abin da za a rubuta. Ta buɗe wayarta ta karanta: ana gayyatar al'umma domin cin gajiyar shirin yaƙi da jahilci.

"Wace ce al'umma? 'Yar gidan wa ce? Kuma wa za ki yaƙa a garin nan?"

Kunya ta kama ta. Suka yi ta ragewa suna gyarawa har maganar ta dawo layi huɗu: maza da mata manya, wanda yake son ya ƙara karatun boko da lissafi a kan wanda yake da shi, za a buɗe aji a firamare bayan kaka, kyauta ne, a ba da suna kafin Juma'ar ƙarshen wata. Malam ya rubuta da baƙar tawada, haruffa masu kauri da faɗin gindi, zaune daram kamar tukwane a kan murhu, ya bi wasulan da ja. A saman komai, kafin ma ya tambaye ta layin farko, hannunsa ya riga ya ajiye Bismillah.

Ta ga Bismillar. Ta fi komai kyau a takardar, don haka da ta koma ofis ta ɗauki hoton rubutun ta shigar a kwamfuta, sai ma ta ƙara mata girma. Kwana biyu ta yi a kan aikin. Ta share ɗigon tawadar da ya fantsama amma ta bar inda alƙalami ya ɗan karce, domin nan ne ake gane hannun mutum. Ta cire hoton yaro mai murmushi da ake sakawa kullum. Ta zaɓi takarda ruwan madara maras sheƙi. A ƙasa ta sa adireshin shafin da ɗan murabba'in nan mai baƙi-baƙi da ake haskawa da waya ya buɗe fom. Da kwafin farko ya fito daga wurin mai ɗab'i, ta tsaya tana kallonsa a rana, ta san ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Ranar Litinin Hammadu, direban ƙungiyar, ya ɗauki guda sittin da bokitin sitaci ya nufi Fammar. Ya manna su inda ya saba mannawa: bangon rumfunan kasuwa, turken lantarki, katangar da ke bayan mahauta, duk daidai ƙirjinsa. Ranar Laraba ya bi ta garin ya dawo da hotuna a wayarsa. Babu ko ɗaya a bango.

"Sun yage," in ji Malam Dalhatu, kuma babu jin daɗi a muryarsa. "Na boko ma sukan bar shi ya yi wata. Kin taɓa musu inda ba a taɓawa, Afra'u. Sun ɗauka mun shigo musu da boko cikin rigar malamai."

Ta buɗe fom. Sunaye uku, duk na samarin da suka riga suka gama sakandare, ɗaya ma ya rubuta yana neman aiki ne. Saura kwana biyu.

Safiyar Alhamis ta karɓi hotunan Hammadu ta buɗe su a babban allon kwamfutarta, ba don komai ba sai don ta ga inda aikinta ya mutu. Ta ƙara girman na farko. Ta ƙara na biyu. Wanda ya yi shekaru yana manna takarda ya san yadda yagaggiya take: kusurwoyi huɗu sukan rage a bango, da dogon yanki fari a tsakiya. Ga su nan a gefe, tsofaffin fastocin 'yan siyasa, wani ba hanci wani ba hula. Amma gurbin nata tas yake. Murabba'i mai tsabta, da alamar ruwa ya gangara ƙasa ya bushe. Mai fushi ba ya ɗebo ruwa ya jiƙa sitaci ya jira ya saki.

"Malam Hammadu, akwai mai a motar?"

"Zai kai mu. Dawowa kuma sai addu'a."

A Fammar Hammadu ya tsaya a ƙofar gida, kamar kowane baƙon namiji, ita ta shige. Ko gaisuwa Gwaggo Jumai ba ta bari ta gama ba.

"Ke da hankalinki, jikar Malam Alu, kika sa a manna sunan Allah a kan kwata? Bayan mahauta, inda ake zubar da jini? Katangar da maza ke tsugunawa? Wannan direban naku idonsa na ado ne?"

Ta miƙa hannu saman ƙofar ɗaki, inda take ajiye gafakarta, ta sauko da takardar a naɗe cikin tsabtataccen ɗankwali. Ko kusurwa ɗaya ba ta yage ba. Ta ba da labari: tun yammacin Litinin maza suka fito da butoci, aka jiƙa aka ɓamɓare a hankali da bakin wuƙa, aka shanya a kan rumbu, aka raba gida-gida. Da ba su isa ba har rigima aka yi. Ranar Talata akwai suna a gidan mai unguwa, aka yi ta miƙa guda ɗaya hannu zuwa hannu, kowace mace ta karanta da bakinta.

"Har Mu'minat mai ƙuli, da take cewa idonta ya mutu. Da ta ga hannun Malam sai idon ya tashi."

Afra'u ta zauna a kan turmi. Kunya da murna suka haɗu mata a ƙirji ta rasa wadda za ta fara ji.

"To Gwaggo, kun karanta, me ya hana ku ba da suna?"

"Wa ya ce ba mu bayar ba? Mun kai wa mai rubutun."

Alhamis ce, makaranta na hutu, zauren Malam Ramalan shiru sai alluna jingine a bango. Ya amsa gaisuwarta, ya bar ta ta gama ba da haƙuri, sannan ya ce laifin na mutum biyu ne.

"Ke kin san bango za a kai ta, ba ki cire ba. Ni kuma hannuna ya riga tunanina. Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa fara layi ba da ita ba. Gaba, in ta bango ce a bar ta babu. In ta hannu ce a sa."

Ya ɗaga gefen buzunsa ya zaro takardu uku da ƙunshin ƙananan guntaye ɗaure da zare. Mazan sun zo zaure kowa ya rubuta sunansa da sunan mahaifinsa. Matan sun aiko da nasu a guntayen takarda, wasu a bayan kwalin shayi, wasu a gefen takardar asibiti. Hannu iri-iri, wani a tsaye, wani yana rawa, wani ya danna alƙalami har ya huda. Afra'u ta ƙirga tana bin su da yatsa. Hamsin da biyu.

"Allah gafarta Malam, me ya sa ba a aiko mana ba?"

"Takardar ta ce a ba da suna, ba ta ce wa za a ba ba. Akwai wani abu a ƙasa mai kama da gurbin dara, yara sun ce sai babbar waya. Ni dai na san wanda ya kawo ɗinki yakan dawo ya karɓa."

Ta duba ƙarshen takarda ta uku. Suna na hamsin da biyu da wannan hannun mai kauri aka rubuta shi: Ramalan ɗan Ja'afaru. Ta ɗago kai. Malam yana gyara bakin alƙalami, bai kalle ta ba.

"Bara na ƙona rabin wakena da maganin da ban iya karanta jikinsa ba," ya ce. "Kuma in ban zauna a bencin ba, wasu za su ji kunyar zama."

Safiyar Juma'a wuta ba ta zo ba, janareta kuma sai da Hammadu ya sha fama da shi, don haka ƙarfe goma ta wuce kafin Afra'u ta buɗe fom ta fara shigar da sunaye. Karatunta na ajami a hankali yake, kamar mai tafiya a cikin taɓo. Ta fara da guntun gwaggonta. Suna: Jumai Alu. Gari: Fammar. Shekaru ta kintata. Sai gurbi na huɗu, wanda fom ba ya wucewa sai an cike shi. Matakin ilimi. Zaɓi huɗu ne: babu, firamare, sakandare, gaba da sakandare.

Ita ta gina fom ɗin, shekara biyu da suka wuce, daga tsarin da Kano ta aiko. Sau ɗaruruwa ta ga ana danna na farkon, ba ta taɓa jin komai ba. Yanzu ga guntun kwalin shayi a hannunta na hagu, da sunan da matar ta rubuta da kanta, wasali bai ɓace ko ɗaya ba.

Malam Dalhatu ya leƙo ya ga hannunta a tsaye.

"Danna babu ki wuce. Sha ɗaya saura kwata."

"Ba zan iya ba, Yallaɓai."

"Ba ta yi firamare ba dai?"

"Ba ta yi ba. Amma ga rubutunta. Kuma na ƙarshe a jerin nan Malam Ramalan ne. In danna masa babu?"

"Injiniya, saurara. Wannan gurbin shi Kano ke kallo, shi masu tallafi ke kallo. Ba a taɓa fom sai da izininsu. Kin ƙara wani abu, suna iya cewa sunayen ba su bi ƙa'ida ba, su zubar da duka hamsin da biyun. Kin wahala kin samo aji, za ki jefar da shi saboda kalma ɗaya?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Ajin ne a kan tebur, ba girman kanta ba. Ta kalli agogo, ta kalli takardun.

"Minti goma zai ɗauke ni in ƙara layi ɗaya. In sun ƙi, ni zan je Fammar in faɗa musu da bakina. Amma ba zan karɓi suna daga hannun mutum ya rubuta da kansa in rubuta a gabansa ba ya da komai ba. Da wannan ƙaryar muka fara, shi ya sa muka yi shekara biyu muna magana da bango."

Malam Dalhatu ya matso kusa da teburin. Ya ɗauki takarda ta farko don ya nuna mata yawan aikin da ke gabanta, sai idonsa ya sauka a kan layin farko, bakinsa ya motsa da kansa. Habibullahi ɗan Shamsuddeen. Abdulganiyyu mai shayi. Ya bi layi biyar a numfashi ɗaya, ba tuntuɓe, da irin rausayin da ake biya allo. Ya tsaya ya cire tabarau.

"Mahaifina da wannan yake rubuto mini wasiƙa ina kwalejin horon malamai," ya ce a hankali. "Nakan ɓoye ta kada 'yan ɗaki su gani."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Ƙara layin. In sun tambaya ni na sa ki. Ni zan karanta, ke ki buga, don in aka bar ki da wannan karatun naki sai mun kai sallar isha'i."

Ta ƙara zaɓi na biyar: karatun allo, yana karanta ajami yana rubutawa. Ta gwada sau ɗaya ta ga ya zauna. Suka kama aiki, shi yana kira ita tana bugawa, yana tsokanar masu munin hannu kamar yana duba jarrabawa. "Wannan kaza ce ta bi ta kan tawada. Fatima Zahra'u, ina jin." Sau biyu layin intanet ya yanke, sau biyu Hammadu ya fita da wayar ofis ya ɗaga ta sama a bakin ƙofa har ya dawo. Sunan Malam Ramalan ya shiga sha biyu saura minti bakwai. A ƙarƙashin jerin ta liƙa hoton takardun uku da guntayen, a shimfiɗe a kan tebur, kowa ya gani da idonsa.

Ba a yi minti ashirin ba wayar Malam Dalhatu ta yi ƙara. Hajiya Zaituna ce, mai kula da shirye-shirye a ofishin Kano. Afra'u ɓangarensa kawai take ji.

"Ranki ya daɗe. E, hamsin da biyu. A'a, ba kuskure ba ne, ni na ce a ƙara. Na sani, Hajiya. To ki buɗe hoton da ke ƙasa. Kin buɗe? Karanta mini na farko." Ya saurara, ya ɗan murmusa. "Kin ga ke ma kin iya. Ke wane gurbi za mu danna miki a wannan?"

Maganar ta yi tsawo. Da ya ajiye, ya ce sunayen sun karɓu, kuma tunda sun wuce arba'in aji biyu za a buɗe, na mata daban. Ya ce kuma takardar gargaɗi tana tafe, ɗaya tasa ɗaya tata, saboda taɓa fom ba izini, kuma za a zauna a kan layin da aka ƙara a taron wata mai zuwa, ƙila a bar shi ƙila a cire.

"Kafin su zauna," in ji Afra'u, "zan bi sunayen mutanen garuruwan Saji da Kahu na bara. Ina jin rabin waɗanda muka danna wa babu ba haka suke ba."

"Ki bari in je masallaci tukuna, Injiniya. Gargaɗi ɗaya ya ishe ni a rana."

An buɗe ajin bayan an gama kai dawa rumbu. Littafin darasin da aka raba sabo ne, Afra'u ta sake tsara shi: kowane harafin boko da ɗan'uwansa na ajami a gefe, da hannun Malam Ramalan, don mutum ya taka abin da ya sani ya hau wanda bai sani ba. Malamin ajin ya aiko da saƙo a mako na uku yana ƙorafin sun riga jadawalinsa, a ƙaro masa darussa. Malam Ramalan yana bencin gaba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa, yana gyara wa malamin riƙon alli.

Layi ɗaya ne a fom ɗaya, a ƙungiya ɗaya, kuma har yanzu ba a gama gardama a kansa ba. Sauran fom ɗin suna nan yadda suke, a asibiti, a wurin rabon taki, a ofishin da kake zaune, kuma wani ne irinka yake riƙe da biro yana yanke wa mutane hukunci a cikin ɗan akwati. Ranar Litinin ka ɗauko fom ɗin wurin aikinka ka nemo gurbin ilimi. In babu wurin mai karatun allo, ka rubuta wa shugabanka a ranar, ka sa sunanka a ƙasa, ka koma masa bayan mako ɗaya. Kafin a gyara kuwa, duk wanda ya zauna a gabanka, ka miƙa masa biron ka ce ya rubuta sunansa da rubutun da ya iya, tun kafin ka jawo masa tawadar dangwale.